Kansar Tumbi: Cutar Da Ta Fara Ja Da Baya Tun Kafin A Gano Mai Kawo Ta

A Amurka ta shekarun 1930, idan aka ce kansa ta kashe magidanci, to a tumbi aka fi zaton ta kama shi. A lokacin babu wata kansa da ta kai ta kisa a ƙasar. Yau kuwa likita zai iya shafe watanni a wani ƙaramin gari na can bai gamu da mai ita ba. A cikin duk sababbin masu kansa da ake samu a Amurka kowace shekara, masu ta tumbi ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, babu wanda ya yaƙe ta. Ba a yi gangami ba, ba a fito da allurar rigakafi ba, ba a ma san takamaiman abin da ke haddasa ta ba sai da ta riga ta yi nisa da sauka. A 1986 wasu masu bincike suka yi rubutu a kai, suka kira abin nasarar da ba a shirya mata ba. Mu da mun ce tsuntsu daga sama gasasshe.

Kafin a yi nisa, bari a gyara suna. Bahaushe idan ya ce "ciki", ya haɗa hanta da hanji da saifa da mahaifa duk a buhu ɗaya, shi ya sa "kansar ciki" ba ta fayyace komai. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce ta tumbi, wato jakar nan da abinci ke faɗawa bayan ya wuce maƙoshi, kafin ya gangara hanji.

Hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ita ke tattara alƙaluman ƙasashe. A ƙiyasinta na shekarar 1975, kansar tumbi ce ta ɗaya a duniya. Daga baya ta huhu ta sha gabanta, sai ta nono, sai ta hanji, sai ta ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza (prostate). A ƙiyasin 2022 tana matsayi na 5, da sababbin masu ita kimanin 968,000, da mace-mace wajen 660,000. Maza sun ninka mata sau biyu kusan ko'ina. Wanda ya ga ƙiyasin 2020, inda aka ce sun haura miliyan 1, kada ya yi saurin cewa an samu sauƙin mutum dubu ɗari cikin shekara biyu. Yawancin bambancin ya fito ne daga sabunta alƙaluman ƙasar Sin, kuma ita hukumar da kanta takan ja kunne kada a jera ƙiyasin wata shekara da na wata a ce ga inda aka dosa. Don sanin inda aka dosa, sai an koma ga rajistocin da suka daɗe suna ƙirga a wuri ɗaya.

Su kuwa waɗannan rajistoci, daga Osaka ta Japan zuwa Denmak zuwa Kali ta Kolombiya, bakinsu ɗaya: cutar tana raguwa. Sai dai kowa da inda ya faro, kowa da saurin tafiyarsa.

Gabashin Asiya ne cibiyar cutar. Fiye da rabin masu ita a duniya suna can. A lissafin 2020, bayan an daidaita bambancin shekaru tsakanin al'ummomi, yankin yana da wajen mutum 22 cikin kowane 100,000 a shekara, Mongoliya da Japan kuma sun haura 30, Koriya ta Kudu na biye da su. Arewacin Amurka da Arewacin Turai da yawancin Afirka suna wajen 4 zuwa 5. Tsakanin waɗannan akwai Gabashin Turai, su Rasha da Belarus da ƙasashen Baltik. Akwai Asiya ta Tsakiya, su Tajikistan da Kirgistan. Akwai arewa maso yammacin Iran, musamman lardin Ardabil. Sai jerin ƙasashen da ke kan tsaunukan yammacin Latin Amurka, daga Guwatamala da Kosta Rika har Peru da Chile. A Yammacin Turai, Fotugal ce ta fita zakka, musamman arewacinta.

Idan mutum ya kalli taswirar nan, abin da zai fara zuwa masa shi ne jinsi, ya ce ai jinin mutanen Asiya ne. Amsar wannan ta fito daga tsibiran Hawai. Tun daga 1885 Japanawa suka riƙa ƙaura can don aikin gonakin rake. Da aka bi sawunsu a shekarun 1960 da 1970, sai aka ga waɗanda aka haifa a Japan, suka yi ƙuruciya a can, sun taho da haɗarinsu a jiki, ko da sun shekara hamsin a Hawai. 'Ya'yansu da aka haifa a sabon wurin haɗarinsu ya ragu, na jikoki ya ƙara raguwa. Jini ɗaya ne, ƙuruciya ce ta bambanta. Wannan ya nuna abu biyu: sanadin yana cikin yanayin rayuwa, kuma tun ana yaro ake ɗaukar sa.

Wanda aka fara tuhuma shi ne gishiri, kuma tuhumar ba ta faɗi ƙasa banza ba. A arewacin Japan, irin su lardin Akita, hunturu yana da tsawo, dusar ƙanƙara tana rufe gonaki wata da watanni. Kafin zuwan firji, hanyar ajiye abinci ita ce a tsuma kayan lambu a ruwan gishiri cikin ganga, a labta wa kifi gishiri, a sha miyar waken suya mai gishiri safe da yamma. A shekarun 1950 manomin wannan yanki yakan ci fiye da giram 20 na gishiri a rana, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya yau tana cewa kada a kai giram 5. Har gobe Akita tana sahun gaba a yawan kansar tumbi a Japan, Okinawa kuma da ke can kudu, inda ake samun ɗanyen ganye duk shekara, tana can ƙasa. Gishiri mai yawa yana ƙuje fatar cikin tumbi, ya bar ta a buɗe ga duk abin da zai biyo baya.

Sai firji ya shigo. A Amurka ya bazu a gidaje tsakanin shekarun 1930 da 1950. A Japan ya makara: a ƙarshen shekarun 1950 ne firji da talabijin da injin wanki suka zama burin kowace amarya, zuwa tsakiyar shekarun 1970 kusan kowane gida ya mallaka. Da firji da motocin sanyi, ba dole sai an jiƙa nama da gishiri ba, kuma lemo da tumatir da ɗanyen ganye suna samuwa har a tsakiyar hunturu. Duk ƙasar da ka duba, saukar cutar tana biyo bayan wannan sauyi. Waɗanda suka ƙera firji don kada madara ta lalace suka yi shi, ba su san suna aikin likita ba.

Amma gishiri shi kaɗai bai isa ya bayyana komai ba. Babban mai laifin yana kwance a cikin tumbin kansa, an yi ta ganin sa a madubin likita tun ƙarni na 19 ana kau da kai, saboda kowane ɗalibin likita an koya masa cewa babu ƙwayar cutar da za ta rayu cikin tsamin tumbi. A birnin Perth na Ostareliya, wani likitan duba tsoka mai suna Robin Warren ya nace cewa yana ganin wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa a duk inda tumbi ya kumbura. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi. Sun yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a ɗakin gwaji tana ƙi, domin ma'aikata sukan zubar da faranti bayan kwana biyu idan ba a ga komai ba. A hutun Ista na 1982 aka bar wasu faranti suka ƙara kwanaki babu mai kula, da aka dawo sai ga ta ta tsiro. Duk da haka manyan likitoci ba su yarda ba, suka ce ai damuwa da yawan tsami ke kawo gyambon ciki. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ya raini ƙwayar a ciki ya kwankwaɗe. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, bakinsa ya yi wari, da aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura. A 1994 IARC ta sanya wannan ƙwaya, Helicobacter pylori, a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. A 2005 mutanen biyu suka karɓi kyautar Nobel.

A nan ne labarin Hawai ya samu fassara. Ƙwayar nan yawanci kafin yaro ya kai shekara 10 yake ɗaukar ta, daga uwa ko 'yan'uwa, ta yawu ko amai ko ruwan da bayan gida ya gurɓata. Ta fi yaɗuwa inda yara da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, inda babu ruwan famfo. Idan ta shiga, ta zauna ke nan har tsufa, sai dai in an kashe ta da magani. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su ma sani ba, kuma 1 zuwa 3 ne kawai cikin 100 za su kai ga kansa. Amma ta ɗaya gefen, kusan kashi 90 cikin 100 na kansar da ke fitowa a gangar tumbi da ƙasansa, ita ce silarsu.

Yadda take aikinta a hankali ne, kamar gara a azara. Wani likita ɗan Kolombiya, Pelayo Correa, shi ya zayyana matakan a 1975, tun kafin a san da ƙwayar. Da fari fatar tumbi takan kumbura ta daɗe a haka. Sai ta fara sirancewa, ƙwayoyin da ke fitar da tsami su mutu. Sai jiki ya maye gurbinsu da irin fatar hanji, wadda ba nan ne muhallinta ba. Sai wasu su fara fita daga kamanninsu. Daga nan sai kansa. Tafiyar takan ci shekara talatin, arba'in, har hamsin, kuma gishiri da taba sigari da giya suna ƙara mata sauri.

Saboda haka alƙaluman kansar tumbi na yau hoton ƙuruciyar da aka yi ne shekara hamsin ko sittin da suka wuce. Dattijon da aka gano masa ita bana a Tokyo, a Japan ta bayan yaƙin duniya na biyu ya tashi, lokacin rijiya da takin bayan gida a gona. Cikin Japanawan da aka haifa a shekarun 1940, wajen kashi 60 cikin 100 suna da ƙwayar. Cikin waɗanda aka haifa daga 2000, ba su kai kashi 10 ba. Ba sai an yi duba ba, kowa ya san inda alƙaluman Japan za su kasance nan da shekara arba'in. Haka ya faru a Amurka da Ingila tun da wuri, lokacin da aka ja ruwan famfo, aka gina magudanai, iyalai suka ƙanƙance, kowane yaro ya samu gadonsa. Ni a ganina wannan shi ne ƙashin bayan labarin gaba ɗaya: injiniyan ruwa da magini da mai sayar da firji sun riga likita isa wurin.

Ba wai likitoci sun naɗe hannu ba ne. Japan da Koriya ta Kudu, da suka ga ba za su iya jiran zamani ya yi musu aiki ba, sai suka bi ta hanyar gano cutar da wuri. Tun shekarun 1960 Japan ta fara tura motoci masu na'urar ɗaukar hoto zuwa ƙauyuka da masana'antu. Mutum zai zo da safe bai karya ba, a ba shi wani gari mai kumfa ya haɗiye don tumbi ya buɗe, a hana shi gyatsa, a miƙo masa kofin wani farin ruwa mai kauri kamar kunun alli, sannan a kwantar da shi a kan gadon da ke juyawa, ana ce masa juya dama, juya hagu, riƙe numfashi. A 1983 abin ya zama tsarin ƙasa baki ɗaya. Koriya ta fara nata a 1999: duk wanda ya kai shekara 40, bayan kowace shekara biyu ana gayyatar sa, kuma yawanci tiyo mai kyamara ake zura masa ta baki a duba tumbin ido da ido. Sakamakon a bayyane yake. A Koriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka gano musu cutar suna nan da rai bayan shekara 5, domin an same ta tana ƙarama, wani lokaci ma ta cikin tiyon ake fere ta ba tare da an tsaga ciki ba. A Amurka, inda ba a yin wannan tantancewa, kuma sai ciwo ya kai mutum asibiti, wajen kashi ɗaya cikin uku ne.

A lura da wani abu: tantancewa tana rage mutuwa, ba ta rage kamuwa. Abin da ke rage kamuwa shi ne kashe ƙwayar. A gundumar Linqu ta lardin Shandong a Sin, inda cutar ta yi katutu, an fara wani gwaji a 1995. An ba wasu maganin mako biyu, wasu kuma aka ba su na bogi wanda babu magani a ciki. Bayan shekara 22, kansar tumbi a cikin waɗanda suka sha maganin ta kusa raguwa da rabi. A tsibiran Matsu na Taiwan, daga 2004 aka riƙa gwada manya ana ba masu ƙwayar magani. Masu ɗauke da ita suka sauko daga wajen kashi 64 zuwa 15 cikin 100, sababbin masu kansar kuma suka ragu da kusan rabi. A 2013 inshorar lafiya ta Japan ta fara biyan kuɗin maganin ga duk wanda aka tabbatar ƙwayar ta kumbura masa tumbi, ba sai mai gyambo kaɗai ba. Ƙasar ta shafe shekaru da dama tana binne wajen mutum 50,000 a shekara saboda wannan cuta, zuwa 2020 adadin ya sauko kusa da 42,000, duk da cewa tsofaffi ƙaruwa suke yi.

Akwai wurare biyu da saukar ba ta tafi sumul ba. Na farko, bakin tumbi na sama, inda ya haɗu da maƙoshi. Kansar wannan wuri halinta daban. A ƙasashen Yamma ta fi alaƙa da ƙiba da yawan ƙwannafi, kuma daga shekarun 1970 zuwa 1990 hawa ta yi a daidai lokacin da ta gangar tumbi ke sauka. Na biyu, matasa. A 2010 aka fitar da wani bincike a Amurka da ya nuna cutar tana ƙaruwa a tsakanin fararen fata 'yan shekara 25 zuwa 39, daga baya aka ga irin haka ga 'yan ƙasa da 50 a wasu ƙasashe, har da Ingila, kuma abin ya fi fitowa a mata. Adadinsu kaɗan ne idan aka gwada da na tsofaffi, amma ya saɓa wa tafiyar da aka saba gani ta kusan ƙarni guda. Masu bincike sun fi karkata ga wani nau'in kumburin tumbi da garkuwar jiki ke jawowa da kanta, da kuma sauyin ƙwayoyin da ke zaune a ciki saboda yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ƙuruciya.

Yanzu sai mu zo gida, domin a wannan labari arewacin Najeriya yana da babi nasa. A farkon shekarun 1990 wani likitan fiɗa Bature, Chris Holcombe, yana aiki a Maiduguri. Shi da abokan aikinsa suka gwada jinin jama'ar yankin, suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 suna da alamar ƙwayar, kuma yawancinsu tun kafin su kai shekara 10 suka ɗauka. Bisa lissafin Japan, ya kamata a ce asibitin ya cika da masu kansar tumbi. Amma jefi-jefi ake ganin su. A 1992 ya wallafa wannan a wata mujallar likitoci, ya kira shi kacici-kacicin Afirka, sunan da ya bi batun har yau.

An kawo amsoshi iri-iri. Mafi jan hankali ta fito ne daga wata nahiya, daga jihar Nariño a kudancin Kolombiya, mahaifar binciken Correa. Akwai gari a kan tsauni, Túquerres, akwai wani a bakin teku, Tumaco, tsakaninsu kimanin kilomita 200. A duka biyun, wajen kashi 90 cikin 100 na mutane suna da ƙwayar. Amma kansar tumbi a kan tsaunin ta ninka ta bakin tekun kusan sau 25. Mutanen Tumaco yawancinsu jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne, kuma da aka bincika ƙwayar da ke tumbinsu, sai aka ga ita ma asalinta na Afirka ne, tare suka ƙetare teku. Mutanen tsauni kuwa jinin 'yan asalin ƙasar ya fi yawa a jikinsu, amma tsohuwar ƙwayar kakanninsu ta ɓace, wadda Turawan Sifaniya suka kawo ta maye gurbinta. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna cewa inda mutum da ƙwayarsa suka fito tsatso ɗaya, suka yi dubban shekaru tare, ɓarnar ba ta da yawa. Inda baƙuwa ce ta sauka a gidan da ba a san ta ba, nan take yin ta'adi. Ita kanta ƙwayar ai iri-iri ce: wadda ta fi yawa a Japan da Koriya da Sin tana da wani dafi mai ƙarfi fiye da na sauran wurare. Wasu kuma sun kawo batun tsutsar ciki, cewa yaron da ya tashi da ita garkuwar jikinsa takan sassauta irin kumburin da ke cinye fatar tumbi, kuma an ga haka a gwajin ɓeraye.

Duk wannan yana da daɗin ji, har mutum ya fara jin kamar mun tsira. Ni dai ina ganin a yi hattara, don akwai amsar da ba ta da daɗi: ba a ƙirga mu yadda ya kamata. A Osaka, kusan duk wanda kansa ta kama sai ya shiga littafi. A Najeriya rajista mafi daɗewa ita ce ta Ibadan, tun 1960, kuma irin waɗannan rajistoci birane ƙalilan suke kamawa. Wanda ya rasu a ƙauye da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu takardar da za ta faɗi abin da ya kashe shi, sai dai a ce ya sha jinya, ciwon ciki ne. Kuma ba a tabbatar da kansar tumbi sai an zura kyamara an gutsuro tsoka an duba. Inda aka samu damar dubawa, hoton yakan canza. A Bamako ta Mali, rajista ta daɗe tana nuna kansar tumbi a sahun gaba cikin cututtukan kansa na maza. Afirka ba tudu ɗaya ba ce.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya a wurinmu. Dattijo ya fara jin zafi a ƙahon zuci, ya aiki yaro kemis. Mai kemis bai gan shi ba, ya ce olsa ce, ya ba da farin ruwa a kwalba da katin ƙwayoyi, ya ce a daina cin yaji da tsami, a daina zama da yunwa. Ya ji sauƙi na 'yan makonni, domin maganin rage tsami yana kwantar da zafin kansa kamar yadda yake kwantar da na gyambo. Ciwo ya dawo, aka koma ga jiƙo da saiwa. Sannan ya fara cin loma uku ya ce ya ƙoshi. Wando ya fara zamewa, aka ƙara huda bel. Uwargida ta ce, "Malam, ramar nan taka ta fara ba ni tsoro," ya ce azumi ne bai sake shi ba. Ba za a nufi babban asibiti ba sai ya fara amayar da abin da ya ci jiya, ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, ko tafin hannunsa ya yi fari fat. A lokacin, sau da yawa cutar ta riga ta kai hanta. Yawancin masu ciwon ƙahon zuci ba kansa gare su ba, wannan gaskiya ne. Amma ciwon da ya fara sabo bayan mutum ya manyanta, ya zo da rama ko saurin ƙoshi ko wahalar haɗiya ko ƙarancin jini, ya wuce aikin kemis.

Sai kuma batun shekaru. Kansar tumbi cutar tsufa ce. A Amurka, wajen 6 cikin 10 na masu ita sun kai 65. A Japan waɗanda suka kai wannan shekaru sun kusa kashi 30 cikin 100 na jama'a, a Najeriya da Nijar wajen kashi 3 ne. Masu lissafi suna daidaita wannan kafin su gwada ƙasa da ƙasa, amma gadon asibiti ba ya sanin daidaitawa, kawunan mutane yake ƙirgawa. Shi ya sa ake samun abin da ke kama da tufka da warwara: haɗarin kowane mutum yana raguwa, jimillar marasa lafiya tana ƙaruwa, saboda mutane sun yi yawa kuma suna daɗewa a duniya. Masanan IARC sun yi hasashen cewa in aka tafi a yadda ake, zuwa 2040 sababbin masu cutar za su kai miliyan 1.8 a shekara. A 2025 suka sake wani lissafi a kan yaran da aka haifa tsakanin 2008 da 2017 a faɗin duniya: kimanin miliyan 15.6 daga cikinsu za su gamu da ita a rayuwarsu idan ba a sauya komai ba, kashi uku cikin huɗu saboda wannan ƙwaya. Kashi biyu cikin uku a Asiya za su kasance. Amma inda adadin zai fi ninkuwa shi ne Afirka kudu da Sahara, inda aka ce zai iya kaiwa ninki shida na abin da ake gani a 2022.

Gwajin ƙwayar ba shi da wuya, ana yin sa da bayan gida ko da numfashi, maganinta kuma na kwana 10 zuwa 14 ne, haɗin maganin rage tsami da na kashe ƙwayoyin cuta biyu ko fiye. Matsalar ita ce waɗannan magunguna su ne dai ake saya barkatai a sha kwana biyu a ajiye, har ƙwayar ta fara gagarar wasunsu, irin su metronidazol da kilaritromaisin. Kuma inda ruwan sha bai gyaru ba, wanda aka warkar zai iya sake ɗauka. Butan, ƙaramar ƙasa a tsaunukan Himalaya wadda ba ta cikin masu arziki, ta gwada manyanta a faɗin ƙasa daga 2020 zuwa 2023, ta ba masu ƙwayar magani. Ita mutanenta ba su kai miliyan 1 ba, ba su kai na wasu ƙananan hukumomi biyu na birnin Kano ba.

Yaran da aka ɗebi jininsu a Borno a farkon shekarun 1990, aka tarar ƙwayar ta riga ta zauna a tumbinsu, yanzu suna cikin shekarunsu na arba'in. Bisa matakan Correa, saura musu shekara ashirin su shiga lokacin da cutar ta fi bayyana.